Kira Uku da Ban Ɗaga Ba

Jamila da Nura, wannan babin naku ne. Sauran da na rubuta a kan ƙuruciyata a Gezawa da farkon shigata kasuwa kowa na iya karantawa, amma wannan ku nake so ku fara gani. Abin da kuka sani game da ciwon Ummanku ba haka yake ba, kuma ni ne na ba ku labarin a karkace.

Shekara goma sha bakwai na yi a Guangzhou. Aikina shi ne in tari 'yan kasuwar da suka zo daga gida, in zaga da su manyan shagunan tufafi na titin Guangyuan, in yi musu tafinta, in tara kayansu a sito, in raka kwantena har Huangpu in ga an ɗora ta a jirgin ruwa. Ummanku ta biyo ni ne bayan bikinki, Jamila, lokacin da kai Nura ka tafi jami'a. Muka kama gida a hawa na biyar, a wani tsohon bene marar lifta. Kun san ta, ba ta iya zaman banza ba. Wata biyu da zuwanta ta fara tuƙa tuwo, kafin a ce me, kullum da azahar falonmu ya cika da Kanawa da mutanen Maraɗi, kowa da kwano a cinya. Kuka da daddawa a cikin akwatunan baƙi suke zuwar mata. Yaren Chana kuwa ba ta taɓa wuce kalma huɗu ba: nihau ta gaisuwa, shiye-shiye ta godiya, lawban, wato mai shago, sai meyo, wato babu. Da su take cin kasuwa, sauran ta nuna da yatsa. Duk abin da ya wuce sayen albasa da nama, ni ne bakinta, ni ne kunnenta.

A hawa na uku akwai Hajiya Mariama, mutuniyar Maraɗi mai sarin mayafai da takalman mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai take zaune. Ta girmi Ummanku da 'yan shekaru, don haka Umma take ce mata Yaya. Mace ce mai faɗar abin da ke ranta ko a gaban wa, har maza suna shakkar bakinta. Ni ma ina cikinsu.

Maganar taurari kuwa tsohuwa ce a wurina. Muna yara, in zafi ya yi, a tsakar gida muke kwana, kakata tana nuna min Kaza da 'Ya'yanta, da Zara a gefen wata, da Gamzaki in asuba ta gabato. A Guangzhou babu wannan. Fitilun gari sun dafa saman ya zama kamar murfin tukunya, in ka ga tauraro biyu a dare ɗaya ka yi sa'a. Na saba da haka har na manta ina kewa, sai wata rana a ofishin masu lodi a Huangpu na ga hoton sama a kan teburin wani dattijon akawu mai suna Chen. Na tambaye shi inda ya saya, ya ce shi ya ɗauka. Ranar Asabar ɗin da ta biyo ya ɗauke ni a motarsa, muka yi tafiyar awa uku zuwa cikin duwatsu, ya kafa madubin hangen nesa ya ce in sa ido. Kaza da 'Ya'yanta ya saita min. Ashe 'ya'yan kazar nan ba bakwai ba ne, ba su ƙirguwa. Na kai shekara hamsin da bakwai a lokacin, amma na tsaya a wurin kamar yaron da aka kai kasuwa ranar farko.

A satin na je Tianhe na sayi kyamara da ƙafarta mai harshe uku. Chen ya koya min yadda ake barin idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci don ya tara hasken da idon mutum ba ya iya tarawa. Mutanenmu suka sa ni a gaba. Wasu suna tambayata a ɓoye ko duba na fara, wani ma ya taɓa kawo min sunan yarinyar da yake nema in duba masa tauraronta. A gaban mutane Ummanku takan tsaya min, ta ce kallon halittar Allah ai ba laifi ba ne. In mun rage mu biyu sai ta ce mazan wasu ƙwallo ta ɗauke musu hankali, nata kuma sama.

Chen ne ya fara ba ni labarin hasken arewa. Ya ce can ƙurewar ƙasar, a bakin iyaka da Rasha, akwai wani gari Mohe. In rana ta yi aman wuta, abin da ta amayar yakan iso duniya bayan kwana biyu ko uku, sai sararin sama ya kama da haske, wani lokaci ja, wani lokaci kore. Ba kowace shekara ake gani ba a can. Sau biyu muka je, sanyi biyu a jere, ba mu ga komai ba sai girgije. Maimakon in haƙura, sai abin ya zame min ciwo. Ina tsakiyar ciniki da lawban a kan farashin jallabiya, in zaro waya ina duba labarin rana.

Ummanku tana da hawan jini, kun sani, kuma shan maganinta sai ta ga dama. A satin da nake ba ku labari ta yi ta kukan ciwon ƙeya. Ranar Lahadi ludayi ya suɓuce daga hannunta na dama har sau biyu, ta yi dariya ta ce tsufa ne. Ban yarda ba, na kama mana layin ganin likita ranar Alhamis da safe. Ranar Talata da yamma saƙon Chen ya shigo. Ya ce rana ta yi aman da ba ta yi irinsa ba a shekaru, zai iso daren Alhamis, kuma masu hasashen yanayi sun ce babu girgije a Mohe. Akwai jirgi gobe da sassafe.

Na same ta a kicin tana wanke tukunyar tuwo da hannun hagu. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in faɗa.

"Alhamis fa muke da likita, Alhaji."

Na ce zan mayar da shi Litinin, kwana huɗu ne kawai, kuma ai ga magani tana sha. Na ce shekaruna sun ja, ban san ko zan sake samun irin wannan damar ba. Ta murza yatsunta na dama.

"To, ka je. In ba ka je ba ma gangar jikinka ce kawai za ta zauna a gidan nan. Amma ka gaya wa Yaya Mariama ba ka nan, ta riƙa hawowa tana duba ni. Kan nan nawa ban gane masa ba."

Na ce zan gaya mata. Ta sanar da masu cin tuwo cewa babu abinci sai Litinin, tunda ni ke ɗauko mata nama da buhun shinkafa. Ta haɗa min safa ƙafa huɗu da kilishi da ɗan yaji a kwalba.

Bayan sallar asuba na sauko da jakata. A hawa na uku na tsaya a ƙofar Hajiya Mariama, har ina jin rediyonta a ciki. Na ɗaga hannu zan buga, sai na ji a kunnena abin da za ta ce: matarka ba lafiya, kai kuma ka tafi kallon sama? Na san gaskiya ce, shi ya sa ba na son ji. Na sauke hannuna na wuce, ina ce wa kaina zan tura mata saƙo daga filin jirgi. A filin jirgi na rubuta saƙon, na karanta, na goge. Da daddare ina cikin jirgin ƙasa daga Harbin Ummanku ta kira ni, ta tambaya ko na ci abinci, sannan ta ce Yaya ba ta hawo ba yau, na gaya mata kuwa? Na ce na gaya mata, ai ta san tana lodi a satin nan. Ta ce haka ne. Wannan ce magana ta ƙarshe da muka yi da ita tana da bakinta.

Mun isa Mohe ranar Alhamis, muka ɗauki mota zuwa wani ƙauye a bakin kogi. Kogin ya daskare har mota na bi ta kansa, ɗaya gaɓar kuma Rasha ce. Sanyin wurin ba ya kwatantuwa da wani abu da kuka sani. Numfashina ya daskare a gemuna, gashin hancina ya yi tauri. Batiri yakan mutu cikin 'yan mintoci a irin wannan sanyi, don haka Chen ya ce in ajiye na kyamara da wayata a aljihun ciki, a jikin ƙirjina. Haka na yi. Ku lura da wannan: wayata ba ta mutu ba.

Tun kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe. Na haɗa magariba da isha'i a masauki, muka fita bakin kogi. Mu kusan ashirin ne, kowa a bayan kyamararsa, ba mai kunna fitila. Wajen ƙarfe takwas Chen ya taɓa ni ya nuna min bayan kyamararsa, na ga jan layi a ƙasan hoton, amma da na ɗaga kai ban ga komai ba. Can sai idona ya fara kamawa. Da farko kamar in an sa wa daji wuta bayan girbi, kana hange daga nesa, gindin sama ya yi ja. Sai jan ya fara hawa. Ya tsattsaya dogo-dogo kamar ginshiƙai, ya kai rabin sama, yana motsi a hankali kamar zannuwan da aka shanya iska na kaɗawa. Taurari suna nan a bayansa ana ganinsu. Babu ƙara ko kaɗan. Mutanen suka yi ihu sau ɗaya, sannan kowa ya yi tsit. Na ce Subhanallah ban san sau nawa ba. Ba zan yi muku ƙarya a nan ba, tunda na daina: ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba, kuma har yau in na rufe ido ina ganinsa.

Ina cikin haka wayar ta yi rawa a ƙirjina. Na cire safar hannu da haƙori, na zaro ta. Sunan Ummanku ne, Habiba. Hasken wayar ya kashe min ido, mutumin da ke kusa da ni ya yi tsaki don ina ɓata masa hoto. Na ce a raina tambayata za ta yi ko na sa safa. Na mayar da ita aljihu tana ta rawa har ta gaji. Ba a yi minti biyu ba ta sake. Wannan karon ban ma zaro ta ba. Chen ya taɓa gaya min wani lokaci minti goma abin yake yi ya ɓace, ni kuwa shekara uku ina jira. Da ta yi na uku sai na zaro ta, na danne maɓallin gefe har ta mutu, na mayar, na koma kan kyamarata.

Hasken ya kai kusan awa biyu. Da muka koma masauki na kunna wayar, na duba agogo, na ce yanzu ta yi barci, kada in tashe ta. Na kwanta ina kallon hotunan ɗaya bayan ɗaya har barci ya ɗauke ni. Barci mai daɗi na yi.

Da safe na kira ta sau uku ba a ɗaga ba. Wajen ƙarfe goma kiran Hajiya Mariama ya shigo daga asibiti.

"Alhaji, kana ina? Habiba ta faɗi. Muna lopital, ba mu jin abin da suke cewa."

Daga baya na ji yadda aka yi. Kwana biyu Hajiya Mariama ba ta ji ƙamshin miya a matakala ba, sai ranar Juma'a da safe ta hawo ta ga ko lafiya. Ta buga ƙofa shiru, ta kasa kunne ta ji kamar nishi. Ta sauka da gudu ta jawo mai benen, aka ɓalle ƙofar. Ummanku tana kwance a ƙasan kicin, a kan tayil, cikin sanyin nan, wayarta a ƙarƙashin hannunta na hagu. Ba ta san lambar motar asibiti ba, ko ta sani ba ta da yaren da za ta yi musu bayani. Mutum ɗaya ta kira.

Aka ba likita wayar, na yi masa tafinta ina tsaye cikin ƙanƙara a ƙofar masauki. Ya ce jini ne ya toshe wata jijiya a kanta, ya tambaya ko akwai wanda ya san lokacin da ta faɗi. Na sani, har da minti. Na gaya masa ƙarfe takwas da minti goma sha biyu na daren jiya. Ya ce da an kawo ta a 'yan awannin farko akwai allurar da ake yi ta narkar da jinin, amma yanzu lokacinta ya wuce. Awa goma sha uku ta yi a ƙasa.

Sai daren Asabar na iso Guangzhou. Na same ta bakinta ya karkace, ɓarin jikinta na dama ya mutu, idonta biyu a buɗe tana gane kowa. A duk maganar duniya kalma ɗaya ta rage mata: to. In tana jin ƙishirwa, to. In tana jin ciwo, to. Hajiya Mariama tana zaune a gefen gadon, kwana biyu ba ta je gida ba. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce:

"Mi ya sa ba ka gaya mini za ka tahi ba? Da na sani ai da wurinta zan kwana."

Na dubi Ummanku, na ga idonta a kaina. Ta ji, kuma ta gane.

Sati uku aka yi kafin ki samu biza, Jamila. Kina tuna ranar da kika shigo ɗakin asibitin da jakarki, ko masauki ba ki je ba. Kin rungume ta kin yi kuka, sannan kika juyo kika tambaye ni ina nake lokacin da abin ya faru. Tafiyata arewa ba ta ɓoyuwa, duk 'yan kasuwa sun sani. Sai na ce miki sanyi ne ya kashe wayata, ban ga kiranta ba sai da safe. Kika ce to wa na bar ta da shi, tana fama da ciwon kai? Ban shirya amsar ba, kawai ji na yi ta fito. Na ce a hannun Hajiya Mariama na bar ta.

Hajiya Mariama tana wurin, da kofin kunu da cokali a hannunta. Kika juya gare ta.

"Hajiya, amana aka bar miki. Hawa biyu ne kawai tsakaninku."

Ta ajiye cokalin a cikin kofin. Ta dube ni sau ɗaya, ba ta daɗe ba. Na jira ta tona ni, wallahi har da wani ɓangare na zuciyata da ke so ta yi. Sai ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta gyara mayafinta ta fita. Ummanku ta fara bugun katifa da hannun hagu tana cewa to, to, to, da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Kika tambaya me take so. Na ce miki gajiya ce, a bar ta ta huta.

Kin san abin da ya biyo baya, ko da yake ba duka ba. Kin hana ta shiga ɗakin. Maganar ta bazu a cikin mutanenmu, cewa an bar wa Bamaraɗiya amanar mara lafiya ta tafi lodin takalma. Matan Kano suka daina gaishe ta a masallaci. Wasu masu ba ta sautu suka janye. Sau biyu muna haɗuwa da ita a matakala, ta raɓe jikin bango ta ba ni hanya, na wuce. Kafin mu taso ta bar benen, bayan shekara kuma na ji ta tattara ta koma Maraɗi gaba ɗaya.

Na miƙa aikina ga wani, na dawo da Ummanku Kano a keken guragu. Kyamarar a wurin Chen na bar ta. Katin hotunan yana cikin jakar fasfona, ban goge ba, ban kuma sake buɗewa ba. Wata goma sha huɗu ta yi a kwance, kuna gani. Ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta, ni ke ba ta abinci a baki. 'Yan dubiya suna fita suna cewa ba su taɓa ganin miji irina ba. Kai ma Nura ka taɓa faɗa wa abokanka haka a zaure, ina ji daga ciki. Da zagina kuka yi da ya fi min sauƙi. Duk lokacin da aka yabe ni a gabanta sai in kasa duban fuskarta.

Ita ta san ƙaryar da na yi a kan Hajiya Mariama, amma maganar waya ba ta sani ba. Ita ma ta ɗauka sanyi ne. Wata rana da damina, bayan la'asar, ina yanke mata farce, mu biyu kawai a ɗaki, na gaya mata. Na ce Habiba, wayar ba ta mutu ba. Na ga sunanki. Sau biyu na ƙyale, na ukun na kashe da hannuna. Na gaya mata abin da nake kallo a lokacin, da tsakin mutumin da ke kusa da ni, da barcin da na yi. Na roƙe ta gafara. Ta zare hannunta daga nawa a hankali ta ɗora a kan cikinta. Na jira ta ce to, ko da ba ta nufin komai da shi. Ba ta ce ba.

Kwana uku ba ta karɓi abinci daga hannuna ba. In na kawo cokali sai ta datse baki ta juya kai. Kin ɗauka jikin ne ya tashi, Jamila, kika dawo gidan kina ba ta, tana karɓa. A rana ta huɗu kin tafi kai yara makaranta, na zauna da kofin koko ba tare da na sa rai ba, sai ta buɗe baki. Na yi ta juya wannan a raina tun daga ranar. Ban sani ba ko yafiya ce, ko yunwa. Wata biyar bayan nan ta rasu da hantsi, kai Nura kana riƙe da ita, ni na fita sayo mata magani.

Bara bayan ƙaramar salla na ce muku zan je Katsina ta'aziyya. Maraɗi na je. Na yi tambaya a kasuwa har aka kai ni gidan ɗanta. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma tana tsince wake, ta rame, idonta ya yi rauni, sai da na yi magana ta gane ni. Ta sa aka kawo min ruwa. Ta yi min gaisuwar Habiba, ta ce labari ya iso ta a makare. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har maganar waya. Ta saurara tana tsintar wakenta. Da na gama na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina, me ya sa ba ta ƙaryata ni ba a ranar.

"Ba don kai na yi shiru ba, Alhaji. Na duba na ga Habiba ba ta iya ko juya kanta. In ɗiyanta suka tsane ka, suka kore ka daga gefenta, wa zai ɗaga ta ya kwantar? Ɗiya tana da gidan miji, ɗa yana makaranta. Kai kaɗai gare ta, ko da kai ne ka kashe ta. Ni kuwa ina iya ɗaukar zagi."

Na ce zan turo ki, Jamila, ki ba ta haƙuri. Ta ce ba ta bukata, yarinya abin da ubanta ya gaya mata ta yi aiki da shi. Ta ce ita ta yafe nata tuntuni, na Habiba kuma ba a hannunta yake ba. Abu ɗaya ta nema, in gaya muku da bakina tun ina da rai, kada ku tsinta a bakin wani bayan an binne ni. Na yi mata alkawari.

Tun da na dawo sau uku ina tara ku a falo da niyyar faɗa. Na farko na ɓige da maganar gyaran rufin gida. Na biyu na ce na manta abin da na kira ku a kai. Na uku jikokina suka shigo da gudu, na ji daɗin shigowarsu. Na gane bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki biro, na kuma san ko a nan ban cika mata alkawarin yadda ta nema ba.

Abin da zan iya shi ne wannan. Ranar Juma'a in kun zo cin abinci, bayan an kwashe kwanuka an kai yara waje, zan miƙa muku takardun nan. Zan zauna a gabanku har ku kai ƙarshe. Duk abin da kuka ga dama ku faɗa min, ba zan tashi daga wurin ba.